Ruwan Iya Rabi

A unguwarmu a Zango, in mace ta haihu, kafin a gama guɗa za ka ji wata tsohuwa ta ce, "An gaya wa Iya Rabi kuwa?" Ita ce mai wankan jego. Ni Lami da nake ba ku wannan labari sau uku na shiga hannunta, kuma duk sau ukun da rantsuwa na fito cewa na gama haihuwa. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nata, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba.

'Yar Baure ce, aure ya kawo ta garinmu. Gajeriya ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta kamar na maƙeri. A wurin uwar mijinta ta koyi sana'ar. An ce da duka aka koya mata, ita ma da duka ta ci gaba. Da mijinta ya rasu ba ta sake aure ba, kuma ban ji labarin namijin da ya yi ƙarfin halin zuwa zaurenta ba.

Ba a jego kaɗai aikinta ya tsaya ba. Yarinya in ta fara al'ada, kunya takan ɗaure bakin uwarta, sai ta tura ta wajen Iya. Iya za ta zaunar da ita ta koya mata wankan tsarki gaɓa bayan gaɓa, da yadda ake wanke ƙyalle a shanya shi inda rana ke duka, da aske hammata, da yanke farce. In ta gama sai ta ɗaga hannunki ta shinshina. In ta ji abin da bai yi mata ba, ranƙwashin da za ki sha sai kin kwana da ƙulu a ka. Ta taɓa kwance kitson wata amarya a gaban 'yan biki don ta hango datti a tsagar, sannan ta juya ta wanke mai kitson da mari. An yi ta zaginta a bayan ido. Amma gaskiya ɗaya zan faɗa, ba a taɓa toshe hanci don 'yar unguwarmu ta wuce ba.

Wankan jegonta kuwa, Allah ya raba maƙiyi da shi. Rabin duro take ɗorawa a murhu, ta cusa masa itace har ruwan ya riƙa tsalle. Sai ta ɗaure ganyen darbejiya, ta zaunar da ke a kan turmi, ta tsoma ta fyaɗa miki a baya, ta tsoma ta fyaɗa a ciki da cinyoyi. Safe da yamma, har a yi arba'in. In kika yi ihu ta ce, "Rufe mini baki! Lokacin da kike neman cikin kin kira ni?" Wadda ta roƙi a surka da ruwan sanyi, da ludayi take amsa mata a ƙeya. Kina fitowa ga kunun kanwa cike da kwano, ga kaskon garwashi a ƙarƙashin gado. Ita a wurinta haihuwa tana barin jikin mace ɗanye ne, a buɗe, kuma in sanyi ya samu hanya ya shiga, shi ke nan, kumburi da ƙarni har tsufa. Wuta kaɗai ke nunar da mai jego. Ba ita kaɗai ta yarda da haka ba, duk mun yarda, kuma mazajenmu har gasa suke yi wajen tara itacen wanka.

Mutum ɗaya na san Iya tana sassauta wa murya a duniya, jikarta Siddiƙa. Uwar yarinyar ta rasu tana ƙarama, Iya ta goya ta, ta yi mata kitso, ta aurar da ita ga Mati, wani yaro mai sanyin hali da ke jigilar kaya a babur zuwa kasuwar Mai'adua. Da cikinta na fari ya tsufa ta dawo gida, ta haifi 'ya mace. A lokacin cutar yanar ido ta fara rufe idon Iya, fuskar mutum ma sai ya matso kusa take ganewa, amma hannun yana nan da ƙarfinsa. A wajen awo malamar asibiti ta ce ruwa mai ɗumi ya isa, kanwa kuma a bar ta. Da aka gaya wa Iya sai ta yi tsaki ta ce, "Ita malamar, da ruwan randa uwarta ta yi jegonta?"

Bayan suna ƙafafun Siddiƙa suka fara kumbura. Sai fuska. Sai ya zama ba ta iya kwanciya, a zaune take barci tana haki kamar wadda ta yi gudu. Iya ta danna mata ƙafa, wurin ya lotsa, ta ce, "Sanyi ne, ya sato hanya." Tsoro ne ya kama ta, na gani a fuskarta, kuma maganin tsoron da ta sani guda ɗaya ne. Ta ƙara itace. Ta ƙara kanwa. Ta ƙara wanka na uku da tsakar rana. Ina jin ihun yarinyar ta kan katanga, ina cewa ai mu ma mun yi. Ranar da na ji ƙarar ganye a kan fata amma babu ihu, ranar na tashi na nufi gidanta.

Na shiga na ce, "Iya, don girman Allah a kai yarinyar nan asibiti. Kalli leɓenta."

Ta ɗago ludayi ta nuna mini ƙofa. "Ke kika haife ta, Lami? Ni na gasa ki sau uku, ga ki nan kamar saniya. Fita!"

Na fita, na kira Mati a waya, na ce in yana son matarsa da rai ya zo yanzu.

Bayan la'asar ya iso da motar abokinsa. Yaron da a da in ya zo gaisuwa ko zaure ba ya wucewa, ranar babu ko sallama ya faɗo tsakar gida, ni ina biye da shi. Duro yana tafasa a kan murhu. Iya ta riƙo Siddiƙa tana jan ta zuwa banɗaki, ƙafafun yarinyar suna jan ƙasa.

Mati ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, na zo ɗaukar ta. Daura za mu."

"Ka zo me? Mai jego za ka fitar cikin iska? Kashe mini ita za ka yi?"

"Iya, numfashi ba ta iya yi."

"Kai ne ka san numfashi? Fita mini daga gida, ɗan marasa kunya!"

Ya miƙa hannu ya kama matarsa. Iya ta sake ta, ta sunkuya ta zaro bakin wuta daga murhu, ta sheme shi a goshi. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Jini ya wanke masa ido, garwashi ya zubo masa a wuya, amma bai saki Siddiƙa ba. Ta sake ɗagawa, ya tare da hannu ɗaya ya damƙe itacen. Sai ta kafa masa haƙori a dantse, ta riƙe kamar ba za ta saki ba sai da tsoka. Ya yi ƙara ya angaza ta. Wallahi bai yi niyyar abin da ya faru ba, ina tsaye a wurin. Iya ta tafi da baya ta bangaji duron, dutsen murhu ya goce, ruwan ya kife mata daga gwiwa zuwa ƙasa.

Shekarun da na yi ina maƙwabtaka da ita ban taɓa jin kukanta ba sai ranar. Mata suka cika gidan, wasu na neman ƙwai, wasu na neman gishiri, jaririya tana tsala ihu a ɗaki. Mati ya saɓi matarsa a kafaɗa, jini na ɗiga a rigarsa, ni na ɗauko mayafi na bi su. Muna zaure na waiwaya, na ga Iya tana jan ciki a cikin taɓo tana biyo mu, fatar ƙafarta ta saɓule, tana cewa, "Ku rufe gilashin motar! Ku lulluɓe mata kai! Iska za ta shige ta!"

Kan Siddiƙa yana kan cinyata har Daura. Sau ɗaya ta yi magana, ta ce a duba Iya. A asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu, likita ya ce zuciyar ta kumbura ta gaji, an makara. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abarsa. Na yi kuka, na kuma ji haushin da ban san wanda zan sauke wa ba.

Da muka kawo gawa, Iya tana zaune an naɗe mata ƙafafu da tsumma, ta ƙi yarda a kai ta ko'ina. Ta ce Mati ya kashe mata jika da iskar mota, kuma babu mai yi wa yarinyar wankan gawa sai ita. Uwar Mati ta tashi za ta yi faɗa, matar liman ta ce a ƙyale ta, ita ta raine ta. A tabarma muka ɗauke ta zuwa ɗakin. Aka kawo ruwa da ganyen magarya, ni ce mai zubawa.

Ta wanke mata kai a hankali, tana warware kitson da yatsa. Sai muka juya gawar don a wanke baya. Matar liman ta yi salati ta kau da kai. Daga kafaɗa har ƙugu babu fatar kirki, wani wurin ya yi ja, wani ya yi ruwa, wani ya bushe ya dare. Siddiƙa ta ɓoye shi a ƙarƙashin zani, ba ta gaya wa kowa ba. Iya kuwa duk kwanakin nan da ganye take taɓa bayan, a cikin tururi, da idon da ba ya gani. Ta ɗora tafin hannunta, ta shafa, ta tsaya. Ta sake shafawa tun daga wuya.

Ta ce, "Lami, wa ya yi wa yarinyar nan haka?"

Na daina zuba ruwan. Ta juyo da fuskarta wajena, hannunta na kan bayan, ta sake tambaya.