Ranar da Jandarma Ya Zo Tafiya da Mai Injin Niƙanmu

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta ranar da aka zo tafiya da mai injin niƙanmu ba. Lokacin rediyo ba ta da zance sai dimokuraɗiyya, amma mu matan Gidan Sori 'yancin da muka sani shi ne injin nan. Wani Bayarabe ne ya kawo shi daga Najeriya, ya raba mu da turmi.

Ashe wata uku doka ta ba baƙo, in zai wuce haka sai da katin zama. Shi kuwa har ya ci damina biyu, ya ɗauka tunda 'yanci ya zo, iyaka ma ta faɗi. Wata ranar kasuwa muna layi da ƙoren gero, wani jandarma, ɗan sandan karkara, ya tsaya da babur, fuska rufe da rawani, ya ce a kashe inji, baƙo zai koma ƙasarsu. Ni kuwa bakina ba ya shiru.

Na ce, "Ranka shi daɗe, in ka tahi da shi, kai za ka yi muna daka?"

Ko kallona bai yi ba. Ya kwance rawani zai share gumi, sai ga tsagar Gobir raɗau a kumatunsa. Bayaraben na ganinta ya washe baki.

"Au, ashe bawana ne! Yaushe bawa ya fara kama ubangidansa?"

Kowa ya san wasan Gobirawa da Yarbawa, ba a fushi, ba a cutar juna, amma wa ya taɓa gwada shi da mai kaki? Jandarma ya ɗaure fuska, ya ɗaure, dariya ta ƙwace masa.

"Ji mini wanga bawan Gobir! Hau babur, doka tana nan."

Ya wuce da shi Gidan Rumji. Na koma gida ina kuka, na jawo turmi.

Kashegari da hantsi muka ji babur, sai ga jandarma ɗauke da Bayaraben. Ashe a gidansa jandarma ya sauke shi, ya tsaya masa a buro, wato ofis, har katin ya fito.

Jandarma ya ce, "Ga kayanku nan, ya cinye mini tuwo!"

Na yi guɗa har muryata ta dushe.

Ranar na gane dokar da ke korar baƙo ita ce ke zaunar da shi, in ya samu mai tsaya masa. Turmin nan kuwa, kaza ce ta ƙarasa ƙwai a cikinsa.