Gadin Numfashin Malam

Minsharin Malam ba ɓoyayyen abu ba ne a unguwarmu ta Magariya. Maƙwabta sun san shi, jikokinsu suna kwaikwayonsa, har mai shayin bakin titi ya taɓa cewa da shi yake gane mijina ya dawo daga cin kasuwa. Wake da riɗi yake saye, yau Dungas, gobe Dogo-Dogo, jibi Sassumbrum, ya dawo ya ci tuwo ya miƙe. Kowa dariya yake yi, ana cewa barcin mai ƙoshin lafiya ke nan. Shi ma har alfahari yake da abin.

Abin da ba wanda ya sani sai ni shi ne shirun da ke tsakiya. Yana cikin jan minsharin nan sai ɗif, kamar an toshe bakin tulu. Ƙirjinsa yana kokawa, amma iska ba ta shiga. In yi ta jira, in yi ta jira, sai can ya fizgo numfashi da wani irin gurnani, ya juya ya ci gaba. Tun lokacin da ya fara ajiye tumbi abin ya soma, ni kuma na koyi maganinsa: in sa gwiwar hannu in zungure shi a haƙarƙari. Sai ya ja iska, ya ce, "Haba Madam, mene ne kuma?" Da safe bai ma san an yi ba. Madam yake ce mini saboda koyarwar da na yi a lakwal, ko da na ajiye alli sunan bai bar bakinsa ba.

Ƴaƴanmu sun girma sun watse, wani Yamai, wani Kano, ɗiyar tana aure a Damagaram. Gidan ya rage daga ni sai shi. Mace mai shekaruna a ɗakinta take kwana, da tasbaharta da rediyonta, amma ni kullum bayan lisha sai in yafa zane in nufi turaka. Matan unguwa suka sa ni gaba. "Madam, har yanzu amarcin bai ƙare ba? Ki ji tsoron Allah, kin yi jikoki fa!" In yi musu dariyar yaƙe. To me zan ce? Abin da ke bayan labulen turaka ba a fito da shi tsakar gida, balle a kai shi gidan suna. Haka aka tarbiyyantar da mu. Wallahi akwai kaɗaici a kwanciya kusa da mutum ana gadin ransa, shi bai sani ba, duniya ma ba ta sani ba.

Sai tansiyo, wato hawan jini, ta kama shi. Ya tashi da ciwon kai, ya yi gyangyaɗi a kan buhunan wake, ya yi gyangyaɗi ana huɗuba. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ƙara wasu, na rage gishiri har miyata ta zama abin tausayi, jinin nan ya ƙi sauka. Ni kuwa wansa nake tunawa, wanda ke kwance a Dogo-Dogo ɓarin jiki ya shanye, baki a karkace, ana ba shi kunu da cokali. Shi ma gwanin minshari ne. Abin da nake tsoro ke nan, kada wata safiya in ga Malam a kan irin wannan tabarma.

A wurinmu maza ke kai namiji likita, mace tana gida tana jiran labari. Ƙaninsa ne ɗan rakiya, wani mai surutu da muke wasa da shi tun ina amarya. Wata rana suka dawo, ya tarar da ni ina tankaɗe, ya tsuguna yana dariya.

"Matarmu, lokotoron nan akwai tambayar banza. Wai yaya barcin Yaya? Na ce barci kam gadonmu ne, ba wanda ya kai shi. Wai ko numfashinsa yana tsayawa? Na ce Allah ya kiyaye, da yana tsayawa ai da tuni mun yi jana'iza."

Rariyar ta tsaya a hannuna. Na ce, "Kai ka taɓa kwana kusa da shi ne, da za ka ba da amsa?"

Ya tafa hannu. "A'a, wannan fagenki ne, Madam! Ba mu labari mana."

Kunya ta rufe ni, na koma kan tankaɗena. Ashe an yi tambayar da nake da amsarta, amma an yi ta ga wanda bai san komai ba. Ranar haushin kowa na ji, har tuwon na ƙona.

Bayan girbi ne abin ya zo. Malam yana alwalar azahar, buta ta suɓuce daga hannunsa. Ya buɗe baki zai kira ni, harshen ya yi nauyi, maganar ta fito a murɗe. Innalillahi! Kafin in gama salati in kira mutane abin ya sake shi, har yana cewa gajiya ce. Da ƙaninsa ya kawo motar da za ta kai su Damagaram, sai ya ga na shige ciki da hijabina.

"Ina zuwa, matarmu?"

Na ce, "Inda za ku. Ka ja bakinka, yau ba wasa na fito ba."

A gaban lokotoro, wani yaro sa'an ɗana, na ƙura wa takalmina ido na faɗi komai. Na faɗi shirun, na faɗi zungurin, har gurnanin na kwaikwaya, ni da furfurata. Ƙanin miji ya sulale waje. Malam ya sunkuyar da kai, can ya ce a hankali, "Duk shekarun nan, Madam?" Na ce duk shekarun nan.

Lokotoron ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce maƙogwaron ne ke rufewa in barci ya yi nauyi. Duk sanda iska ta yanke, jiki sai ya firgita, zuciya ta zabura, jijiyoyin jini su tsuke. In ana haka kowane dare shekara da shekaru, jijiyoyin sai su yi tauri kamar tiyon da ya daɗe a rana, tansiyo ta ƙi jin magani, wata rana ɗaya ta toshe ko ta fashe a kai. Ya ce abin da ya faru wurin alwala gargaɗi ne. Ya tura mu Kano, aka kwantar da Malam da wayoyi a jiki aka auna barcinsa. Muka dawo da wani ɗan mashin mai tiyo da abin rufe hanci, wanda ke hura iska don kada maƙogwaron ya rufe.

Da farko faɗa ya yi ta yi, wai an sa masa takunkumi kamar raƙumi. Na ce ko na jaki ne sai ka sa. Sannu a hankali ya saba. Ciwon kai ya tafi, ya fara jin huɗuba har ƙarshe, ya dawo yana ba ni labarinta kamar shi ya rubuta. Tansiyo ta soma sauka. Lokotoro ya ce jijiyoyin sun sami hutu suna sassautawa, amma kada a bar ƙwayoyi. Na yi hamdala, na dafa wake da shinkafa na raba sadaka. Mai shayi kuwa cewa ya yi unguwa ta yi tsit kamar an yi ƙaura.

Wata safiya Malam ya dube ni da tausayi, ya ce, "Madam, kin huta. Ki koma ɗakinki ki rama barcin da na hana ki." Alheri yake nufi, na sani. Na kwashe zanena na koma. Matan unguwa suka ce, "Oho, yau dai amarci ya ƙare!"

Barcin bai zo ba. Kunnena ya saba da cewa shiru hatsari ne, yanzu kuma gidan duka shiru. In kwanta in yi ta juyi, gwiwar hannuna tana neman haƙarƙarin da ba ya nan. Ranakun da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kaɗai nake da aiki, don mashin yakan tsaya, sai in koma gefensa in ci gaba da zunguri kamar da. Amma na san zunguri ba ya gyara jijiya. Ni da kaina na matsa wa ɗanmu na Kano a waya, sai da ya aiko da batiri da farantin hasken rana, aka kafa a kan rufin turaka.

Ba a daɗe ba, cikin zafin bazara, aka ɗauke kuran bayan mun kwanta. Ban san sanda na yafa zane na ratsa tsakar gida ba takalmi ba. A bakin labule na tsaya. Mashin yana ta hucinsa a hankali, Malam yana jan numfashi sumul, shiga da fita, ba tsayawa. Na daɗe a tsaye ina saurare, hannuna a kan labulen. Na gode wa Allah, da gaske na gode. Sannan na saki labulen na koma ɗakina.