Baffa Garba da Duniyarsa Mai Wata Uku

Duk wanda ya zauna a Dugabau ya san inda ake samun Baffa Garba ran ashirin da tara ga wata: kan tudun bayan gonarsa, ana idar da magariba, hannu a goshi. Rediyo ta ce an ga wata ko ba a gani ba, ita ta jiwo. Shi sai ya gani da idonsa. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ya ce ya gani alhali bai gani ba, shi ya sa in ya sauko ya ce wata ya tsaya, ko Liman ba ya ƙara tambaya. Sai dai a ƙarshe-ƙarshen nan yanar ido ta fara rufe masa gani, kuma duk wanda ya kuskura ya ambata, ya ja wa kansa gabar mako guda.

Ni na jawo maganar duniyar can, Allah ya yafe mini. Ina koyarwa a Gwarzo, na zo gida hutu, na nuna masa a waya cewa masana sun gano wata duniya tana kewaya wata rana daban, nisan da ko haske sai ya yi shekaru a hanya. Na zaci zai ce ƙaryar 'yan boko ce. Ina! Sai ya gyara zama ya tambaye ni ko tana da wata. Na ce ba a sani ba tukuna.

"To, uku ne," in ji shi.

Na ce Baffa, wa ya gaya maka? Ya ce tunda sun ce ba su sani ba, ai sun bar wa mai sani fili.

Daga ranar duniyar nan ta zama tasa, sai ka ce gadonta ya ci. A teburin Ɗanlami mai shayi yake zuba bayani: ƙasarta ja ce, jigawa, gero zai yi, dawa kuwa kada ma a ɓata iri. Iskarta mai kauri ce, ladan zai kira salla a Kara a ji shi a Kabo ba lasifika. Ɗanlami ya ce in haka ne ai hayaƙin murhunsa ba zai tashi ba. Baffa ya kalli kofinsa ya ce kada ya damu, shayinsa ko a can ma ruwan zafi ne.

Abin da ya dame shi da gaske shi ne azumi. Takanas ya je wajen Liman, wai mutanen can da wane wata za su ɗauka. Liman, mutum mai haƙuri, ya ce a bari a tabbatar akwai mutanen tukuna. Baffa ya ce kafin a tabbatar, azumi nawa bayin Allah za su sha? Liman ya ce to su bi babban. Baffa ya fito yana girgiza kai, wai an yi wa sauran biyun rashin adalci.

Wata rana na ce masa wasu duniyoyin fuska ɗaya suke ba wa ranarsu, rabi kullum rana, rabi kullum duhu. Can ya ce na ɓangaren rana ba su ba shan ruwa, na duhu kuma ba za su gama sahur ba, duk bai ga wajen zama ba. Shi a kan iyaka zai kafa bukka, inda kullum magariba ce. Muka yi ta dariya, ban gane abin da yake nufi ba.

Sai a jajibirin azumin da ya zama na ƙarshensa. Na raka shi tudu, jama'a na ƙasa suna jira. Jinjirin wata ya fito siriri a saman kukar gonar, na gan shi sarai. Baffa kuwa wani gefen yake kallo. Na san da zai sauka ya ce ya gani, ba wanda zai musa.

Ya ce a hankali, "Ka gan shi?"

Na ce na gani, Baffa.

Ya sauke hannu daga goshi, muka gangara. Liman ya matso. Baffa ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ni ban gani ba. Ɗan ƙanena ya gani, kuma na yarda da idonsa."

A hanyar gida ina riƙe da hannunsa, abin da bai taɓa yarda an yi masa ba. Ya ga ina share hawaye. Shi ne ya ce, "Kai, malamin boko, ka zaci haka kawai na ba ta wata uku? Manya-manya na zaɓo. Ko mai yana ba zai rasa ɗaya ba."

Bai kai babbar salla ba. Yanzu ni nake hawa tudun, kuma har yau nakan juya in ce masa ga shi can. Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa, ya mayar masa da ganinsa a inda haske ba ya gushewa. Amin.