Ranar da Aka Kira Mu Dir'iyya

Matar da nake wa aiki a Unguwar Ofisoshin Jakadanci 'yar Japan ce. Wata rana da hantsi ina guga a falo, ta kunna wani tsohon fim ɗin ƙasarsu marar kala. Ko kalma ɗaya ban ji ba, sai dai wasu mata nake gani sun sha hoda suna zaune, idonsu a bakin ƙofa. Da guntun Larabcinta ta ce min mawaƙa ne masu ɗebe wa manya kewa, sun tsufa, an daina nemansu. Na kashe dutsen guga na shige kicin, don abin ya taɓa ni inda ba na so.

Shekara ashirin da ɗoriya muka yi muna kiɗan bikin Larabawa a Riyad, mu biyar, duk Hausawa. Shugabarmu Yaya muke ce mata, masifaffiya ta ƙarshe, amma muryarta kan ta da tsohuwa daga kujera. Da masu kiɗan na'ura suka shigo, waya ta yi tsit. Ni na kama shara da guga. Yaya ta ƙi kowane aiki, ta zauna a ɗakinta a unguwar Gubaira, wai za a neme ta.

Aka kuwa neme ta. Wasu masu shirya taro suna son tsofaffin makaɗa a Dir'iyya, tsohon garin tarihi da ke gefen Riyad. Kwana uku tana shan zuma da citta, ta hana a kunna mata fanka don kada murya ta dishe. Ranar taron muka hura gawayi muka gasa fatar bandiri ɗaya bayan ɗaya har ta ɗaure, kamar yadda muka saba. Na ce mata yau za mu ga ko tsohuwa ta tuna hanya, ta zage ni tas, ina dariya.

Da la'asar wata mata mai riƙe da takarda ta zaunar da mu a kan darduma jikin katangar laka. Ta ce mu riƙe bandiri, mu riƙa motsa hannu, amma kada mu buga, waƙar daga lasifika za ta fito. Baƙi hoto kawai suke so. Kunya ta rufe ni, na ji kamar in tashi in kama gabana.

Yaya ta gyaɗa kai kamar ta yarda. Ana kunna lasifika ta ware murya iya ƙarfinta, jijiyoyin wuyanta duk sun miƙe, har aka tashi ba ta tsaya ba. Ina gefenta, leɓenta kawai nake gani yana motsi.

Muka shiga mota muka kamo hanya. Sai da muka kusa gida Yaya ta ce, "Ke, sun ji ni kuwa?"

Na ce sun ji, Yaya, har wata ta waiwayo.

"Ƙarya kike yi," in ji ta. "Ni kaina ban ji ba."