Takarda Mai Sa Hannu Bakwai

Makarantun sakandare bakwai ne a rukunin wasannin da 'yata ta fara gudu a cikinsa. Tamu tana gabashin birnin Greensboro, nan ƙasar waje da muke zaune, wata tana can McLeansville cikin gonaki, sauran a warwatse. Sun daɗe suna karawa da juna, har tsofaffin unguwarmu sun gaji gaba da wata makaranta tun daga iyayensu. Ni duk wannan bai dame ni ba. Damuwata ɗaya ce: da hijabi yarinyar take gudun mita ɗari takwas, kuma a lokacin sai da izini a rubuce.

Wata uku na yi ina bin wannan izini, ofis-ofis, ina murmushin dole, har shugabannin wasanni na makarantun bakwai suka sa hannu a takarda guda mai tambarin rukunin. Na kai aka manne ta cikin leda mai ƙarfi, na ajiye a aljihun mota. Mu da muka taso inda takarda mai tambari ke fin mai ita tsawon rai, sai na ɗauka na gama da maganar har abada. Shekara uku kuwa babu wanda ya tare yarinyar.

Ana dogon hutu, kafin shekararta ta ƙarshe a makarantar, wasiƙa ta zo cewa an sake rabon makarantu bisa yawan ɗalibai, an rushe rukuninmu. Uku an haɗa su da manyan makarantu, uku da ƙanana, mu aka jefa mu cikin wasu da ko hanyarsu ban sani ba. A tsaye na karanta a kicin, abin da kawai na yi mita a kai shi ne nisan tuƙi. 'Yata ce ta tambaye ni, takardar nan fa? Na yi mata dariya, na ce sa hannu ba tumatir ba ne da zai ruɓe.

Gasar farko a sabon rukunin ita ce wadda kocin wata jami'a ya zo musamman don ya ga gudunta. Ra'ayinsa ne zai yanke ko za ta sami gurbin karatu kyauta. Masu gudun suna jere a layi, alƙalin gasar ya nuna hijabin da ke kanta. Na sauko da gudu da takardata. Ya karanta tsaf, ya miƙo mini cikin ladabi, ladabin da har yau nake jin zafinsa.

"Wannan rukunin babu shi yanzu," ya ce.

Zaɓi biyu ya ba ta: ta cire ko ta koma gefe. Ta dube ni, ni kuwa ina ta nuna masa sa hannun ɗaya bayan ɗaya kamar mai tallar atamfa. Ta koma gefe. Aka harba bindigar fara gudu.

Sabon izinin ya zo bayan mako biyu, layi biyu ta imel, abin da da na nema tun lokacin hutu da ya zo a kan kari. Kocin bai dawo ba, ita ma ba ta ƙara ɗaura takalmin gudu ba. Na daɗe ina zagin masu rabon makarantu, kuma sun cancanta, amma na san wanda ya yi dariya a kicin.

Kwanan baya, muna hanyar kai ta wurin aiki, ta buɗe aljihun motar tana neman biro, takardar ta faɗo cinyarta. Ta juya ta gaba da baya, ta mayar.

"Har yanzu sabuwa ce fil, Baba."