Jiniya Daga Rumfa

Ranakun Asabar nakan yi alƙalancin wasan besbol na yara, wanda ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, a wani fili da ke bayan rumbunan kaya na unguwar da ake kira Madinar Masana'antu. Dokar a fili take: yaran da ke zaune a rumfa suna jiran layinsu na iya yi wa mai bugunsu kirari, amma ba su da izinin yin hayaniya don rikita mai jifa.

Wata Asabar, mai jifa ɗan maƙwabcina ne a unguwar Mahjar. Iyayensa sun zo umra ba su koma ba, kuma cikin wannan watan aka kama mahaifinsa saboda rashin iƙama, wato takardar izinin zama. Duk sa'ad da yaron ya ɗaga ƙafa zai yi jifa, sai rumfar abokan karawarsu, 'yan unguwar Kurayyat, ta ɗauki kukan jiniyar motar kame. Ƙwallon ta riƙa faɗuwa ƙasa tun kafin ta iso gabana.

Na tsayar da wasa, na nufi tudun jifa. Yaron bai ɗago kai ba.

"Kawu, don Allah kar ka faɗa musu dalili," in ji shi, da Hausarsa mai nauyi.

Nan na rasa abin yi. In zan hukunta rumfar, dole in bayyana wa shugabannin gasar yadda jiniya ta shafi wannan yaron, alhali ba su taɓa tambayar takardun kowa ba. Da sun ji, ba zai sake taka filin ba, wataƙila ma maganar ta kai ga mahaifiyarsa.

Sai na hana rumfunan biyu yin kowane irin sauti.

Kocin Kurayyat ya taso. "Ya ustaz, masallaci muka zo? Wace doka ce wannan?"

"Kaina ke ciwo."

"To ka sha magani mana. Yalla, yara ne!"

"Halas, na yanke."

Yaron ya ƙarasa jifansa cikin shiru. Kocin ya kai ƙara, aka tambaye ni hujja, na maimaita ciwon kai, aka sauke ni. Har yau ina tambayar kaina ko akwai wata hanya da ban gani ba.

Asabar ta gaba na tsaya bayan shingen waya, wani alƙali ya sa hular ƙarfen da nake sawa. Yaron ya ɗaga ƙafa, jiniyar ta tashi. Ya waiwayo yana nemana.