Majo Hassan na Gaya, wanda ya sha ruwa a ƙwaryar innata

Ranar Laraba da hantsi, ina fitowa daga aji a makarantar koyon jinya ta Yamai, wani direban kamyo, babbar motar kaya, ɗan garinmu ya tare ni a bakin ƙofa. Bai ja gaisuwa ba. Ya ce, "Isufu, sai haƙuri. Majo Hassan ya rasu shekaranjiya, an yi masa sutura." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Majo Hassan shi ne babban ma'aikacin jinya na ɗakin maganin Gaya. Na san shi ne ta dalilin mahaifiyata. Lokacin da kuturta ta bayyana a jikinta a ƙauyenmu Tanda, aka ware mata ɗaki da ƙwarya, maƙwabta suka koma gaishe ta daga bayan danga. Ranar da ya fara zuwa a kan kekensa, ya zauna a tabarmarta, ya ce, "Yaya, ƙishirwa nake ji." Ta ce ba ta da abin ba baƙo ruwa sai ƙwaryarta. Ya ce, "Ita nake nufi." Ya sha, mutane na kallo. Inna ta juya fuska ta yi kuka.

Shekara biyu tana shan ƙwayoyin da yake kawowa, sannan ta daina. Ta ce masa, "Malam likita, yatsuna ba su dawo ba, me ya rage?" Bai yi mata ƙarya ba. Ya ce, "Waɗanda suka tafi sun tafi, Yaya. Waɗannan bakwai ɗin nake yi wa faɗa, kuma ba zan iya ni kaɗai ba." Ta miƙa hannu ta karɓa. Da yatsun nan take kaɗin auduga har yau.

Da na gama karatun lakwal, kawuna ya samo mini aikin akawu a duwan, wato ofishin kwastan, a bakin kogi. Na je wurin Majo na ce jinya nake so. Na zaci zai yi murna, sai ya ce, "Ɗana, allura guda ta warkar da mutum, kowa yana son wannan. Za ka iya wanke miki ɗaya wata uku, ba godiya, ba sauƙin da ido ke gani?" Ya haɗa ni da wani tsohon masunci mai gyambo a ƙafa. Sau biyu na gudu saboda wari. Duk lokacin da na dawo sai ya miƙo mini sabulu. Da damina ta wuce ya rubuta mini takardar shiga makaranta da hannunsa.

A hutun da ya wuce na tarar da shi kwance, ya rame, tari ya ci ƙarfinsa. Abin da na koya ya ishe ni in gane ciwon. Ya ga na gane, ya yi murmushi ya ce, "To, karatu ya shiga." Bai yi zancen kansa ba. Damuwarsa majinyatansa na ƙauyukan Yelu da Karakara, kada su ga shiru su ajiye magani. Ya ce, "Mai doguwar jinya ba ciwo ke fara kayar da shi ba, ranar da ya daina sa ran zuwan wani ce."

Abokan karatuna suna neman babban asibiti. Ni na riga na roƙi a tura ni ƙauyukan Gaya, wurin masu kuturta da tarin fuka. Na so in faɗa masa da bakina, Allah bai nufa ba.

Allah Ya jiƙan Majo Hassan, Ya gafarta masa, Ya sa jinyar da ya yi ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba matarsa Inna Hadiza da 'ya'yansa haƙuri, Ya zama gatansu. Majinyatansa kuwa, Allah Ya ba su juriyar ci gaba da shan magani har mu iso. Amin.